Yabon Gwani Ya Zama Dole, Amma Wane Irin Yabo?

Gabatarwa



Duk ɗalibin da ya yi ko da zangon karatu ɗaya ne a nan Wudil, ya san yadda garin yake komawa ranar Juma'a. Tun daren Alhamis manyan motoci suke jeruwa a bakin hanya, kafin hantsi kuwa kara ta cika ta batse da shanu da Fulani da fatake da dillalai. To, ni abin da ya fi ba ni sha'awa a kasuwar nan shi ne yadda ake cinikin sa. Dillali yakan tsaya ya yi ta koɗa dabbar, ya ce bana ba a kawo irinta ba, mai saye kuwa yana jinsa yana murmushi. In ya gama, sai mai saye ya matsa ya buɗe bakin san ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya tattaɓa cinya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Sai bayan an yi wannan ake tayawa. Ba kuwa wanda yake jin haushi, domin kowa ya sani san da aka tsaya aka duba shi ne ake so. Wanda ba a so, ko kallonsa ba a yi.

Na kawo wannan misali ne domin in yi magana a kan wata al'ada da take ƙara yaɗuwa a ƙasar Hausa, watau shirya bukukuwa da tarurruka don karrama marubutanmu na wannan zamani. Al'ada ce mai kyau, ban zo don in kushe ta ba. Abin da nake so in nuna shi ne, a yawancin tarurrukan nan muryar dillali kaɗai ake ji, ba a ganin mai buɗe bakin sa. Ana yabon marubuci, ana barin littafinsa a rufe. Zan duba yadda muke yi, sa'an nan in waiwayi wata ƙaramar ƙasa ta Turai mai suna Ailan, wadda ta shahara wajen irin waɗannan bukukuwa, in kuma gwada irin yabon da nake nufi a kan littafi guda na marubuciyar Kano. Daga ƙarshe in dawo gida Wudil.

Yadda Muke Karramawa

Tun asali ƙagaggun labaranmu na boko da gasa suka tashi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Gwarzo da John Tafida. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka yi nasara a tasa gasar, daga ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda ya buɗe wa mata ƙofa. A 1982 kuma gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya ta kawo mana su Sulaiman Ibrahim Katsina da Bature Gagare. A duk waɗannan, rubutun aka fara karantawa, alƙalai suka auna shi, kafin a san fuskar mai shi.

A 'yan shekarun nan abubuwa sun ƙaru. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata marubuta, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa, har a 2022 kambun ya ƙetara iyaka ya tafi Jamhuriyar Nijar a hannun Amira Souley. A 2017 aka fara bikin littattafai na Kaduna da ake kira KABAFEST. A 2021 kuma, a Kadunan dai, Sada Malumfashi da abokan aikinsa suka fara bikin HIBAF, wanda aka keɓe shi ga littattafai da fasahohin Hausa. Ga Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, ga tarurrukan rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, watau ANA, ga na ƙungiyoyin ɗalibai irin tamu. Wanda ya san zamanin da marubucin Hausa ba ya samun ko kujerar baya a taron masana, lalle zai ce an ci gaba. Waɗanda suka ɗauki wahalar kafa waɗannan abubuwa sun cancanci godiya.

Amma fa manyan bukukuwa kaɗan ne, kuma sau ɗaya suke zuwa a shekara. Abin da ya fi yawa, wanda kuma mu ɗalibai muka fi kwaikwayo, shi ne ƙaramin taron karramawa da na ƙaddamar da littafi. Na taɓa halartar wani irinsa a cikin birnin Kano. An kira taro ƙarfe goma na safe, ba a fara ba sai da aka kusa kiran azahar, saboda ana jiran babban baƙo. Da ya iso, sai mai gabatarwa ya shiga jero sunayen manyan baƙi da muƙamansu, uban taro da uwar taro da shugaban taro da babban mai ƙaddamarwa. Aka kira mai bitar littafi, ya tashi ya faɗi yawan shafuna da yawan babi da kyan bango, ya ce marubucin gwarzo ne, ya zauna. Aka shiga sayen kwafi, wane ya sayi biyu a kan kaza, aka tafa. Aka miƙa allunan yabo, aka ɗauki hotuna, aka raba abinci, aka watse. Tun daga buɗe taro da addu'a har rufewa ban ji an ambaci sunan tauraron labarin ba, balle a ce ga abin da ya same shi. Shi kuwa marubucin, magana ɗaya ya yi, ita ce ta godiya.

Mai karatu zai lura cewa wannan tsari ba baƙo ba ne. Tsarin fada ne muka ɗauko, inda ake da mai gari da 'yan majalisa da sanƙira. A fada ya dace, domin can ba a zuwa don a yi wa sarki gyara a bainar jama'a. Littafi kuwa ba basarake ba ne. Magana ce wani ya yi wa jama'a, yana jiran amsa. In aka tafa masa ba a amsa ba, daidai yake da mutumin da ya yi sallama aka ba shi goro aka rufe ƙofa.

Waiwaye A Kan Ƙasar Ailan

Ailan tsibiri ne da ke yamma da Ingila. Jamhuriyar Ailan, bisa ƙidayar 2022, mutanenta miliyan 5 ne da 'yan kai, watau Jihar Kano kaɗai ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Duk da haka tsibirin ya fitar da marubuta huɗu da suka ci kyautar Nobel ta adabi: Yeats a 1923, da Shaw a 1925, da Beckett a 1969, da Seamus Heaney a 1995. Na zamanin nan ma ba su bar gidan ya mutu ba. Anne Enright ta ci kyautar Booker a 2007, Anna Burns ta Ailan ta Arewa ta ci a 2018, Paul Lynch kuma a 2023.

Kada mai karatu ya zaci can aljannar marubuta ce tun fil azal. A 1929 ƙasar ta kafa dokar tace littattafai mai tsanani ƙwarai. A 1960 wata matashiya 'yar ƙauye mai suna Edna O'Brien ta fitar da littafinta na farko, The Country Girls, labarin wasu 'yan mata biyu da suka tashi a karkara, suka yi makarantar kwana ta 'yan coci, suka shiga birnin Dablin suna neman rayuwa da soyayya. Hukumar tacewa ta haramta shi, aka ce ta zubar da mutuncin matan ƙasar. A 1965 aka haramta littafin John McGahern mai suna The Dark, ya kuma rasa aikinsa na koyarwa a makarantar firamare a dalilin haka.

To, dubi yadda zamani ya juya. A 2015 shugaban ƙasar, Michael D. Higgins, da hannunsa ya sanya wa Edna O'Brien ƙawanyar zinariya ta muƙamin Saoi, wanda shi ne mafi girma a majalisar masu fasaha ta ƙasar. Wannan ita ce irin karramawar da muka saba da ita, ta allo da hoto. Amma akwai wadda ta fi ta. Tun 2006 ɗakunan karatu na birnin Dablin suke zaɓen littafi guda kowace shekara, a roƙi mutanen gari su karanta shi a watan Afrilu, a yi ta taruwa ana tattauna shi. A 2019 littafin nan da aka haramta, haɗe da biyun da suka biyo bayansa, shi aka zaɓa. Birnin da ya hana a karanta shi, shi ne ya fito ya ce kowa ya karanta. Marubuciyar kuwa tana raye ta gani, domin sai a Yulin 2024 ta rasu tana da shekara 93. A ganina wannan ne biyan bashi na gaskiya, tun da abin da aka hana ta tun farko masu karatu ne, su kuma aka mayar mata.

Abin da ya fi kusa da mu a Wudil shi ne labarin wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin ƙasar, mai suna Listowel. Gari ne na kasuwa a bakin kogi, mutanensa ba su kai dubu 5 ba, kuma yana nesa da babban birni. A 1971 aka yi Makon Marubuta na farko a garin, da ƙoƙarin 'yan garin irin su Bryan MacMahon, wanda malamin makaranta ne, da John B. Keane, marubucin wasan kwaikwayo. Ba su jira Dablin ta ba su izini ba. Ginshiƙin makon nan kuwa shi ne marubuci ya tsaya ya karanta aikinsa da bakinsa a yi masa tambayoyi, da kuma zaman koyon sana'a, inda ƙwararre yake zama da masu tasowa a bi rubutunsu layi layi ana gyarawa. Ana ba da kyaututtuka, amma bayan alƙalai sun karanta. Yau fiye da shekara hamsin ke nan, sunan garin ya zaga duniya ta dalilin wannan mako.

Namu Tarihin

Wanda ya san Kano zai ga kamar labarinmu ake bayarwa. Daga tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i suka ja baya saboda tsadar takarda da karyewar tattalin arziki, sai matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Aka sami ƙungiyoyi irin su Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu. Littattafan suka cika rumfunan Bata da ke bakin kasuwar Sabon Gari, suka shiga ɗakunan matan aure da akwatunan 'yan makarantar kwana, ana haya ana aro. Mata da yawa da littattafan nan suka ƙware da karatun boko. Sakayyar da aka fara yi wa marubutan ita ce zargin ɓata tarbiyya. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma aka ƙone tarin littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta, a bainar jama'a.

A tsakanin nan an yi wani abu da nake ganin ya fi duk allunan yabon da aka raba daga baya daraja. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, ya soke su suka mai zafi. Su Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka fito suka mayar da martani, Ibrahim Sheme kuma ya buɗe wa muhawarar fili a jarida, aka shekara da shekaru ana fafatawa. An ɓata wa juna rai, babu shakka. Amma don a yi wannan faɗa sai da kowane ɓangare ya zauna ya karanta littattafan, ya kawo hujja daga cikinsu. Ta dalilin muhawarar nan littattafan suka shiga ajin jami'a, ɗalibai suka fara rubuta kundayen digiri a kansu. Ashe wanda ya soki littafi bayan ya karanta ya fi wanda ya yabe shi bai buɗe ba amfani ga marubuci.

Gwajin Yabo: Alhaki Kuykuyo Ne

Don kada a ce na tsaya faɗa da baki kawai, bari in gwada abin da nake nufi a kan littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. Na zaɓe shi ne saboda sunan marubuciyar yana cikin waɗanda aka fi ambata a wuraren karramawa, kuma kusan kullum abu biyu ake faɗa: ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed ce, kuma an fassara littafinta da Turanci. Duka gaskiya ne. Aliyu Kamal ya fassara shi, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012. Amma ko ɗaya daga cikin biyun nan bai gaya mana abin da ke cikin littafin ba.

Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara. Mijin yana da hali amma yana ƙuntata wa gidansa, ya je ya auro Delu, macen da ta daɗe tana zaman kanta. Rikici ya tashi tsakanin kishiyoyi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe yaranta, 'yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Alhaji Abdu sai duniya ta juya masa baya, gobara ta cinye masa rumfa, dukiya ta ƙare, Delu ta ci amanarsa. Daga ƙarshe aka matsa wa Rabi ta koma.

Ta fuskar jigo, mutane sukan ce littafin kishi ne. Ni a nawa karatun jigonsa shi ne tattalin gida, watau wa yake ciyarwa, wa kuma ake cewa shi ne mai ciyarwa. Ƙarfin marubuciyar yana wajen lissafi. Ta san kuɗin cefane, ta san abin da yake isa da wanda ba ya isa, ta san yadda mace take cike giɓi da ɗan abin hannunta ba wanda ya sani. Marubutanmu maza na farko sun kai mu fadar sarakuna da dokar daji da bakin teku, amma ba su cika shiga da mu madafa ba. Ita ta shiga, ta kuma nuna cewa abin da ake yi a can shi yake riƙe da gari. Salonta kuwa na hirar tsakar gida ne, ba ƙaƙale, kuma in ta haɗa mata biyu faɗa sai ka ji kamar ta katanga kake leƙe. Wannan gwaninta ce, ba kowa yake da kunnen ba.

Inda nake ganin rauni wuri uku ne. Na farko, sakayyar da ta sami Alhaji Abdu daga waje ta zo. Gobara ba halinsa ne ya jawo ta ba, tana iya cin rumfar mai adalci kamar yadda ta ci tasa. Sai ka ga kamar karin maganar da aka sa wa littafin suna ita take jan akalar labarin, dole sai kuykuyon nan ya cim ma ubangidansa ko ta wace hanya. Da faɗuwarsa ta fito daga cikin rowarsa da wulaƙancinsa, da darasin ya fi kama jiki. Na biyu, Delu ba a ba ta zuciya ba. Muguwa ta shigo, muguwa ta fita, ba a nuna mana abin da ya kai ta zaman da ta yi ba, alhali kuwa mai yiwuwa ita ma wata Rabin ce da wani Alhajin ya kora ba ta sami mai riƙe ta ba. Na uku, auren Saudatu da attajiri yana rage wa jigon ƙarfi. Littafin ya ɗauki shafuna yana nuna mana mace za ta iya tsayawa da guminta, sa'an nan ya kawo mai kuɗi ya share sauran hawayen, har ya tsaya yana ƙirga mana kayan aure.

Amma ƙarshen littafin ya fanshi wannan duka. Mai karatu yana jiran ɗaya daga cikin biyu, ko Rabi ta yafe da murna a yi biki, ko ta ƙi ta yi zamanta. Marubuciyar ba ta ba shi ko ɗaya ba. Rabi ta koma ne ba da son ranta ba, domin mazan da ke kewaye da ita sun taru sun yanke, ita kuma aka bar ta da ɗawainiyar mutumin da ya wulaƙanta ta. Wasu suna ganin nan marubuciyar ta ja da baya don tsoron surutu. Ni ina ganin nan ta fi faɗin gaskiya, domin ta nuna alhaki ya bi mai shi, amma wadda aka zalunta ita aka sa ta ɗauki kuykuyon ta goya. Marubuciyar da aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara goma sha uku ta san abin da take faɗa.

To, mai karatu, wanne ya fi zama girmamawa ga Hajiya Balaraba, wannan ɗan sharhi mai yabo da suka, ko a kira ta uwar marubuta a miƙa mata allo? Mai yiwuwa ta ƙi yarda da ni a kan Delu, ta kawo hujjar da za ta kayar da ni. In haka ta faru a gaban jama'a, ranar an yi bikin adabi.

Uzurin Da Akan Kawo

Akwai masu cewa al'adarmu ba ta yarda yaro ya dubi babba ya ce ga kuskurenka ba. Gaskiya ne muna da kunya da kara, kuma ba na so mu yar da su. Amma ai a zauren malamai na soro ɗalibi yana kawo ishkali a kan abin da aka karanta, malam kuma ya ji daɗi, domin ya san ana biye da shi. Hausawa kuma suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ladabi yana cikin yadda aka faɗi magana, ba sai an haɗiye ta ba.

Akwai kuma masu cewa marubucinmu yunwa ke damunsa, kuɗin ƙaddamarwa ya fi masa sharhi amfani. Wannan uzuri ya fi na farko nauyi. Kasuwar littafin takarda ta faɗi, yawancin sababbin marubuta, musamman mata, sun koma sakin labaransu ta WhatsApp da Wattpad, wasu kuma ana karanta musu a YouTube, sau da yawa ba da izininsu ba. Ita ma Ailan ba da tafi kaɗai ta riƙe marubutanta ba. Tun 1969 ta sauƙaƙa musu haraji a kan abin da suka samu daga ayyukansu, a 1981 ta kafa majalisar Aosdána mai ba mabuƙata daga cikin 'ya'yanta alawus na shekara, a 2022 kuma ta fara gwajin biyan masu fasaha 2,000 Yuro 325 kowane mako. Saboda haka ban ce a daina ba marubuci kuɗi ba, a ƙara masa ma. Sai dai kuɗin babban mai ƙaddamarwa na yini ɗaya ne, wani lokaci ma alkawari ne da ba a cikawa. Abin da yake ciyar da marubuci shekara da shekaru shi ne masu karatu, su kuwa ba abin da yake jawo su kamar su ji ana gardama a kan littafi.

Akwai wani darasi kuma da ya kamata mu ɗauka daga Ailan, na abin gudu. Duk marubutan da na lissafa a sama ba da harshen ƙasar na asali suka yi suna ba, yawancinsu da Turanci suka rubuta. Harshen nasu ya ja baya har ƙidayar 2022 ta nuna masu magana da shi kullum a wajen makaranta kimanin dubu 72 ne kacal. Littafin da ake ganin ya fi kowanne a harshen, Cré na Cille na Máirtín Ó Cadhain, ya fito a 1949, amma sai a 2015 fassararsa ta Turanci ta fito kasuwa duniya ta san da shi. Mu Allah ya rufa mana asiri, miliyoyin mutane suna kwana suna tashi da Hausa. Amma in muka saba da cewa marubucin Hausa ba ya isa a karrama shi sai an fassara shi, ko kuwa a zaunar da shi a dandali ana tattauna aikinsa da Turanci yana gyaɗa kai, to mun kama hanyar da suka bi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu Dawo Wudil

Wani zai ce mu ɗaliban kimiyya da fasaha ne, ina ruwanmu da wannan? Jami'armu, wadda ta buɗe a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, ba don adabi aka kafa ta ba. Amma wa ya fi ɗalibin kimiyya sanin cewa ba a karɓar magana sai an gwada? Ga shi kuma Wudil ba ta gaza Listowel da komai ba. Muna da kogi da gada da kasuwar da ake zuwa daga ko'ina, muna da jami'a da makarantar horar da manyan 'yan sanda da makarantun sakandare, kuma tsakaninmu da Kano, inda marubutan suke zaune, kimanin kilomita 40 ne.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu ita ce, in za mu karrama marubuci, mu zaɓi mutum ɗaya da littafi ɗaya, mu sanar tun farkon zango, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi kwafi a sa a hannun 'yan ƙungiya, a kai wa makarantun 'yan mata da na maza na cikin gari. Ranar taro a fara a kan lokaci ko babban baƙo bai iso ba. Marubucin ya karanta babi guda da bakinsa. Ɗalibai biyu su yi sharhi, ɗaya ya nuna inda littafin ya yi ƙarfi, ɗaya ya nuna inda ya yi rauni, kowanne da lambar shafi. A ba shi dama ya kare kansa, a ba jama'a dama su yi tambaya, a kuma tabbata an keɓe wa mata wuri da lokaci, tun da su ne suka riƙe wannan adabi da kuɗin cefanensu. A kafa tebur a bakin ƙofa a sayar da littafin a kan farashinsa na kasuwa, kuɗin ya shiga hannun mai shi a ranar. Duk abin da aka faɗa a rubuta shi a buga a wannan mujalla. In an gama wannan, sai a miƙa allon yabo, a ɗauki hoto. Kada kuma mu tsaya ga manya kaɗai. 'Yan matan da suka ci Hikayata da masu rubutu a waya su ma suna buƙatar wanda zai karanta su da idon basira tun alƙalaminsu yana ɗanye.

Kammalawa

A taƙaice, na yi ƙoƙarin nuna cewa bukukuwan karrama marubuta ci gaba ne, amma yawancinsu sun tsaya ga mutum sun bar aikinsa. Na kawo misalin Ailan, inda aka haramta littafi a 1960 aka dawo aka sa birni guda ya karanta shi a 2019, da kuma namu misalin na muhawarar Adabin Kasuwar Kano. Yabon gwani ya zama dole, haka ne. Amma marubutan da suka raya mana harshe a lokacin da ake ƙone littattafansu, da yawansu suna nan da rai, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya ba su ji abin da muka gani a cikin aikinsu ba. Waɗanda suka rage, mu karanta su mu gaya musu gaskiya tun suna iya ba mu amsa.

Wanda duk yake da ja a kan abin da na faɗa game da Rabi da Delu, shafukan mujallar nan a buɗe suke, sai dai ina roƙonsa ya fara karanta littafin. Allah ya sa mu dace, amin.